Tantabarun Hadi Ba Sa Zama Gidan Wani

A Alhilla Kuku, wata unguwa a babban birnin Sudan, in ka tambayi gidan Hadi mai gyaran injin ruwa, sai an ɗan yi tunani kafin a nuna maka. In ka ce Hadi Hamam kuwa, ko makaho ya kai ka har ƙofa. Hamam shi ne tantabara a Larabcin ƙasar, kuma sunan ya manne masa tun gemu bai fito ba har ya yi fari fat. Gyaran inji shi ke ciyar da gidan, amma hannu kawai ya ba wa wannan sana'a. Hankalinsa kullum yana saman ɗaki, inda ya ƙera wa tsuntsayensa gida da ƙarfe da waya, gidan da matarsa Zuhura ta rantse ya fi nata kyau.

Kakansa ya taso daga ƙasar Haɗeja a ƙafa da niyyar Makka. Da ya iso yankin Jazira a Sudan sai ya ce bari ya ɗan tsaya ya yi ƙwadagon auduga ya ƙara guzuri, kuma wannan ɗan tsayawar ita ce har kabari. A nan aka haifi uban Hadi, a nan aka haifi Hadi, cikin bukkokin 'yan ƙwadago a gefen gonaki kusa da Madani. Yana ɗan shekara tara ya tsinci ɗan shila da ya faɗo daga rufin ɗakin ajiyar auduga. Ya ɓoye shi a tsohuwar ƙwarya, yana tauna dawa yana ɗura masa baki da baki. Uwarsa ta kama shi ta zane shi saboda ƙazanta, washegari ta sake kama shi yana yi. Daga nan ta sallama, ta ce wannan ba duka ne zai raba su ba.

Da aikin auduga ya ja baya, iyalin suka gangaro birni kamar sauran jama'a. Hadi ya koyi gyaran inji a garejojin Alshajara, ya yi aure, ya samu ɗan fili a Kuku. Mutum ne mai ɗauke-ɗauke, ba ya ganin abu ya bar shi yadda ya same shi. Ya taɓa ɗaura reshen lemun zaƙi a jikin lemun tsami, bishiya ɗaya ta yi 'ya'ya iri biyu, maƙwabta suka yi ta sintirin kallo. Ya yi shekara biyu yana farke rediyoyin mutane, wasu su tashi, wasu kuma sai dai a yi wa masu su ta'aziyya. Ya yi kiwon awaki. Ya yi kiwon kifi a tsohon tankin ruwa, har gidan ya ɗauki ƙarni Zuhura ta yi yajin kwana uku. Duk waɗannan sun zo sun wuce, tantabara ce kaɗai ba ta taɓa fita daga gidan ba.

Ba wanda ya koya masa yadda gado ke tafiya a jini. Zama ya yi yana kallo, shekara bayan shekara. Shi da kansa ya gano cewa in ka haɗa jar mace da shuɗin namiji, duk ɗan da ya fito ja namiji ne, duk wanda ya fito shuɗi mace ce, ba kuskure. Sai ya leƙa sheƙa, gashi bai gama tsirowa ba, ya ce wannan ango ne, wannan amarya. Abokansa su yi ta musu, bayan wata huɗu su dawo suna sosa ƙeya. Wani ɗalibin likitan dabbobi ya taɓa gaya masa cewa Turawa sun daɗe da rubuta wannan a littafi. Hadi bai ji daɗi ba ko kaɗan. Ya ce, "To me ya hana su zo su tambaye ni, da na rage musu wahala?"

Amma launi abin wasa ne a wurinsa. Abin da ya ba wa rayuwarsa shi ne tsuntsun da ke komawa gida. Masu kiwon tantabara kaf sun yarda da ƙa'ida ɗaya: in ka samu baƙuwar tantabara, ka kulle ta har ta yi ƙwai ta hau kwanci, sannan ka buɗe mata. Ba za ta gudu ba, ƙwai ya ɗaure ta. Hadi ya ɗauki wannan ƙa'ida ya mai da ita jarrabawa. Ba ya sayar da tsuntsu, kyauta yake bayarwa, kuma sai ga na nesa, wani a Madani, wani a Shandi, wani a Kosti. Ya ce a kulle, in an hau ƙwai a buɗe. Wadda ta zauna, to Allah ya sa alheri, ta zama ta mai gida. Wadda ta tsallake ƙwanta ta keto sama ta dawo Kuku, ita yake ɗauka ya sumbaci kanta, kuma daga irinta kaɗai yake fitar da 'ya'ya. 'Ya'yan ma in sun girma su sha wannan jarrabawa. Shekara talatin da wani abu yana wannan tankaɗe da rairaya, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A ƙarshe in ya ba da goma, tara sai sun dawo. A kasuwar tsuntsaye ta ranar Juma'a har magana aka yi da shi, in mutum ya ba ka abu amma idonsa na kai, sai a ce kyautar Hadi.

Zuhura kan ce masa, "Malam, abin mamaki ba ya ƙarewa. Jikan mutumin da bai kai Makka ba kuma bai koma Haɗeja ba, shi ne ke koya wa tsuntsu hanyar gida." Sai ya yi dariya ya ce ai shi ya sa.

Yaƙi ya sauka a ƙarshen azumi, wata Asabar da safe, Hadi yana saman ɗaki yana canza ruwa. Kamar kowa, ya ce abin kwana biyu ne. Wuta ta ɗauke, famfo ya ƙafe, aka wawashe kasuwa, masu bindiga suka cika unguwa. Maƙwabta suka riƙa fita gida bayan gida, suna barin mukullai a hannun waɗanda su ma gobe za su tafi. Hadi ya kafe. Tantabaru ɗari da ashirin ne a samansa, in ya tafi wa zai ba su ruwa? Wata huɗu yana tura jarkoki daga wata rijiya mai nisa, rabi na mutane, rabi na tsuntsaye, kuma Allah kaɗai ya san wane rabin ya fi yawa.

Autarsu Tasnim ce ta tayar da shi, ko da yake ita ba ta ce komai ba. Tana da ciki na fari. Mijinta Abdullah ya tafi bakin teku neman aiki kafin a fara harbi, hanya ta rufe a bayansa. Unguwarzoma ta ƙarshe ta bar unguwar. Ranar da wani abu ya faɗo ya rushe gidan da ke bayansu, Zuhura ta same shi a gindin tsani.

Ta ce, "Malam, gobe ni da yarinyar nan za mu haye Umdurman, gidan Yaya Kubra. In za ka zo, bismillah. In kuma hamam ne za su yi maka sutura, to ka zauna."

Ya yarda zai bi su, amma tantabara takwas kawai kwalinsa zai ɗauka. Daga sallar asuba har hantsi yana zaɓe, ya ɗauki wannan ya mayar, ya ɗauki wancan ya buɗe fiffikensa ya mayar. Da ya gama sai ya farke buhun dawa na ƙarshe a ƙasa, ya cika duk wani kwano da baho da ke gidan da ruwa, ya ɗaure ƙofar waya a buɗe. Ya san wannan ruwan ba zai kai mako ba, ya kuma san ba inda za su je, domin shi ne ya hana su iya zama ko'ina sai nan.

A wani shinge kafin gada, wani mai bindiga ya buɗe kwalin ya zaro biyu ta fukafukai kamar kaji, ya miƙa wa abokinsa ya ce a hura wuta. Ɗaya daga ciki shi ne uban rabin tsuntsayen gidan. Hadi, wanda aka kwashe kayan aikinsa a gaban idonsa bai ce uffan ba, sai ga shi ya durƙusa a kan kwalta yana roƙo. Zuhura ta mintsine shi a kafaɗa har sai da ya tashi. Da shida suka haye kogi.

Kubra yayarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya. Mijinta ya rasu tuntuni, kuma da kayan yaji take sayarwa a Kasuwar Umdurman kafin kasuwar ta zama kufai. Gidanta a arewacin gari, ɗaki biyu da rumfa, kuma sun tarar da mata da yara goma sha ɗaya a ciki, 'yan uwa da 'yan uwan 'yan uwa. Hadi ne kaɗai namiji babba. Ta ba shi ɗan ɗakin da take ajiye gawayi, ya yi masa ƙofar waya ya zuba tsuntsayen. Ba halin ya sake su ko na minti ɗaya. Daga nan zuwa Kuku, a sama, bai kai dafa shayi ba, kuma a Kuku babu ruwa, babu tsaba, sai shaho da masu bindiga.

Dabara ɗaya ta rage masa, ya kuma riƙe ta da haƙori. Tantabararsa in ta girma ba ta canza gida, amma ɗan da ya buɗe ido a Umdurman, Umdurman ce gidansa. In ya samu 'yan shila biyu kacal suka kai ga ci da kansu, jinin ya tsira, aikin shekara talatin bai tafi a banza ba. Sai dai tsuntsu ba ya ƙwai cikin tsoro. Kullum ƙasa na girgiza, ɗakin ba taga, ba rana. Wata uku ba ƙwai ko ɗaya. Ciwon baki ya shiga, biyu suka mutu a mako guda, ya rage huɗu.

Cikin sanyi Tasnim ta haihu, namiji, bayan ta kwana biyu tana naƙuda. Ta zubar da jini da yawa. A ƙasar nan, Bahaushe da Balarabe duk sun yarda mai jego romon tantabara ake ba ta, shi ke mai da jini, shi ke kawo nono. Matan gidan dai suka riƙa kallon Hadi. Malamai sun ce yankan mace ya halatta, amma a gidan Kubra abin da aka taras wurin iyaye ake bi, mace ba ta sa wuƙa a wuyan abin da ke numfashi. Saboda haka ba mai iya yi a bayan idonsa, sai shi da hannunsa. Ya shiga ɗakin gawayi ya daɗe, ya fito da biyu, ya yanka, ya wanke hannu, ya fita bai dawo ba sai magariba.

Saura biyu. Namijin shuɗi ne, yana ce masa Ɗan Shandi, domin kakan tsuntsun ya baro 'yan shila a Shandi ya iso Kuku kafin labarin gudunsa ya iso. Macen kuwa Ja kawai yake kiranta. Kamar da gangan, kwana goma bayan yankan, Ja ta yi ƙwai, bayan kwana biyu ta ƙara ɗaya. Hadi ya tsuguna a ƙofar waya yana hawaye kamar an yi masa albishir da kujerar Makka. Kwana goma sha takwas su ƙyanƙyashe, wata guda su iya ci da kansu. Daga ranar ba abin da yake ƙirgawa sai kwanaki.

A lokacin, da takiyya gidan yake rayuwa, wato tukunyar sadaka da mutanen unguwa ke dafawa a bakin masallaci, kowane gida ya kai roba a zuba masa. Sau da yawa balila ake dafawa, dafaffiyar tsaba ce da ɗan gishiri. Hadi sai ya karɓi rabonsa ya ce a waje zai ci, ya hau saman ɗaki ya shanya, in ta bushe ya kai wa tsuntsaye. Shi kuma ya sha ruwa ya ƙara ɗaure wando. Wuyansa ya zama kamar na tulu, yana tashi sai ya dafa bango. Sai kuma balilar ta yanke. Takiyya ta koma ruwan wake tsararo, wanda in ka shanya shi ba abin da zai rage sai tabo a faranti.

Ƙarfin da romon farko ya ba Tasnim ya ƙare. Nono ya ja baya, jariri ya kama kuka ba dare ba rana, irin kukan da ke shiga ƙashi. Ranar da ƙwai ya kwana bakwai, Kubra ta tare ƙanenta a ƙofar ɗakin gawayi.

"Hadi, tsaya nan. Ni na goya ka, saboda haka ni zan faɗa maka. Wallahi da a ce mace tana yanka, da tuni yarinyar nan ta sha romo."

"Yaya, kwana goma sha ɗaya ya rage su ƙyanƙyashe."

"Sannan?"

"Sannan wata guda su iya ci da kansu. Daga nan in yanka iyayen da hannuna, na yi alkawari."

"Arba'in ke nan. Shiga ka gaya wa jikanka ya jira arba'in." Ta gyara mayafi, muryarta ta ɗan sauka. "Ya wad ummi, ɗan uwata, su kansu me za ka ba su? Balila ta ƙare. Jiya na gan ka kana sharar ƙasa a bayan injin niƙa kamar mahaukaci. Halas, shi ke nan, ɗaya cikin biyu: ko ka yanka, ko ka buɗe su su yi kiwo kamar sauran tsuntsayen Allah, mu huta da ganinka kana mutuwa a tsaye. Ai suna kan ƙwai, ina za su? Ko ni da ban san komai ba na san wannan."

Kowa ya san wannan. A duk Sudan mutum ɗaya ne ya kamata ya san ba haka ba ne, shi ne wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana cire wannan ɗabi'a daga jinin tsuntsayensa. Hadi ya buɗe baki zai faɗa mata, sai ya rufe, domin in ya faɗa, wuƙa ce kaɗai ta rage.

Ya shiga wurin Tasnim. Tana kwance, leɓɓanta sun yi fari, jariri na tsotsar abin da babu. Ita ce tun tana ƙarama take riƙe masa tsani, ta san kowane tsuntsu da sunansa, ta kuma ji abin da aka faɗa a waje.

Ta kira shi yadda 'ya'yan ƙasar ke kiran uba, ta ce, "Yaba, kada ka yanka saboda ni. Ana kwayisa, wallahi lafiyata lau. Su biyu suka rage maka."

Gaskiya ɗaya ce, Hadi ya ji daɗin wannan magana. Ya kalli fuskar 'yarsa, ya ga ƙarya take yi don shi, ya kuma karɓi ƙaryar hannu bibbiyu. Wannan jin daɗin shi ne abin da ya fi jin kunyarsa a duk rayuwarsa.

Ya zauna a ƙarƙashin rumfa ya yi ta lissafi irin na wanda ya riga ya yanke shawara. Wata biyar suna kulle a nan, waɗanda yake bayarwa kyauta ba sa wuce wata biyu. Ɗan Shandi ya rame, ba shi da ƙarfin tafiya. Cikin goma ai ɗaya kan zauna, me zai hana wannan ya zama ɗayan? Ga kuma wata dabara. Tantabaru rabon kwanci suke yi, mace ta hau daga la'asar ta kwana har hantsi, namiji ya karɓe ta daga hantsi zuwa la'asar, kuma ba sa saɓa lokaci. In ya saki namijin ana saura kaɗan lokacinsa ya yi, zai sauka bayan injin niƙa ya tsinci abin da ya tsinta, aikinsa ya kira shi ya dawo. Da la'asar kafin canji sai a yi wa macen haka. Da ya gama jera hujjojin nan sai ya ga sun tsaya daram, har ya yi mamakin yadda bai yi tunaninsu da wuri ba.

Washegari da rana ta ɗan ɗaga, ya ɗauki Ɗan Shandi ya hau saman ɗaki. A ɗaya hannun yana riƙe da gwangwanin madara da ya zuba wa tsakuwa, domin a Kuku da karkaɗa gwangwanin dawa yake kiran su, kuma tsuntsu daga sama ba ya bambance ƙarar tsakuwa da ta tsaba. Tsuntsun ba nauyi, ƙashin ƙirjinsa ya fito yana sukar tafin hannu. Hadi ya juya shi ya nuna masa ƙofar waya a ƙasa, inda Ja ke kwance a kan ƙwai tana kallonsu. Ya nuna masa injin niƙa. Ya yi masa magana da Hausa, kamar yadda yake yi musu kullum.

"Ga abinci can, ga iyalinka nan. Can gida ba kowa, ka ji? Ba kowa."

Ya yi bismillah ya buɗe hannu.

Ɗan Shandi bai tashi nan take ba. Ya sauka a bakin katanga ya girgiza jiki, ya miƙe fiffike ɗaya, ya miƙe ɗayan. Ya sunkuyar da kai ya dubi ƙofar waya. Hadi ya fara karkaɗa gwangwani a hankali. Tsuntsun ya taka sau biyu zuwa wajen ɗakin gawayi, sannan ya ɗaga kai ya dubi sama, sai fukafukai suka yi tafi.

Tantabarar kirki in an sake ta a baƙon wuri takan zagaya sau uku, sau huɗu, kafin ta gane hanya. Ɗan Shandi, da yunwa, bayan wata biyar a ɗakin gawayi, zagaye ɗaya ya yi. Ya miƙe gabas ya ɗan karkata kudu, ba ko waiwaye, ya nufi kogi.

"Masha Allah!"

Daga bakin Hadi ta fito, da ƙarfi, har matan da ke tsakar gida suka ɗago kai. Bai taɓa fitar da tsuntsu kamar wannan ba, kuma na ɗan lokaci kaɗan ƙirjinsa ya cika da alfahari. Sai da ɗigon ya ɓace a sama sannan ya tuna abin da ya yi. Ya yi ta karkaɗa gwangwani yana fito har muryarsa ta dishe. Kubra ta fito ta dube shi, ta dubi sama, ta koma ciki.

Hantsi ya yi ya wuce, ba wanda ya zo ya karɓi Ja. Ta riƙa miƙa wuya tana duban ƙofa, amma ba ta tashi ba. Kwana uku ta yi ita kaɗai a kan ƙwai. Hadi yana tankaɗe ƙurar bayan injin niƙa da tsumma, abin da ya samu, wani lokaci ƙwaya goma, ya kai mata har baki. A rana ta huɗu ta sauka ta koma lungu ta takure. Ya ɗauke ta ya mayar, ta sauka. Ya sake mayarwa, ta sake sauka.

Sai ya naɗe ƙwayayen a hularsa ya sa a hammata, ya kwanta a ƙarƙashin rumfa a gefe ɗaya, ba ya motsi sai sallah. Dattijo mai shekara sittin da biyar yana kwanci kamar kaza. Da a Kuku ne da Zuhura ta samu abin tsokana na shekara, amma ba wadda ta yi dariya a gidan, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Bayan kwana biyu ya naɗe takarda ya leƙa ƙwan a hasken rana. Jijiyoyin sun yi baƙi, ba abin da ke motsi a ciki. Ya duba na biyun, haka. Ya haƙa ɗan rami a gindin katanga ya rufe su.

Duk da haka bai saki ba. Ja tana nan, kuma ita rabin jinin ce. In aka samu namiji, ko na rufin masallaci ne, wani abu zai ragu, a sake farawa daga ƙasa. Yana tsugune yana wannan tunani sai ya lura gidan ya yi tsit. Jaririn ya daina kuka. Ba barci yake ba, idonsa a buɗe, ƙarfin kukan ne babu. Zuhura ta fito daga ɗakin ta tsaya a kansa. Shekara arba'in tana da amsar kowace magana tasa, yau kalma ɗaya ta samu.

"Malam."

Ya ce, "Kawo wuƙa."

Ja ba ta yi gardama ba da ya ɗauke ta, ta saba da hannunsa. Ya fuskanci alƙibla, ya yi bismillah, ya yi kabbara. Ya yanka. Da aka fige ta ba ta cika tafin hannu ba. Kubra ta dafa da ɗan gishiri da ragowar kayan yajin da ta ɓoye tun daga kasuwa, romon ya tsaya a kofi ɗaya da ɗan kaɗan.

Hadi da kansa ya tallafo kan Tasnim ya sa mata kofin a baki. Ta sha a hankali, sannan ta sha da sauri, ta tauna ƙasusuwan, ta sa yatsa ta lashe gindin kofi. Gumi ya tsattsafo a goshinta. Zuhura ta ɗora mata jaririn, kowa ya kasa kunne, can sai aka ji ɗan ƙaramin sautin haɗiya, sau ɗaya, sau biyu. Kubra ta ce alhamdu lillahi, ta rufe fuska da mayafi.

Tasnim ta buɗe ido ta dubi ubanta. Yunwa ta cinye mata kunya da tunani, ba ta ma tuna daga ina romon ya fito ba.

"Yaba, gobe ma za a samu?"

Ya ce, "In sha Allahu."

Da gari ya waye, kafin a tafi layin takiyya, ya kama tsani ya hau saman ɗaki, yana hutawa a kowane mataki. Ya fuskanci gabas, ya ɗan karkata kudu. Ya san tsuntsunsa, ya san ba zai zo ba, shi ya yi shi haka. Amma ya ɗaga gwangwanin tsakuwa sama ya yi ta karkaɗawa, yana fito da busassun leɓɓa, yana kiran Ɗan Shandi da sunansa, yana roƙonsa ya dawo, ga wuƙa a aljihunsa ya wasa ta tun asuba.